Idan tsofaffi sun fi jarirai yawa, wa zai ɗauki wa?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne wani labari da ya tsaya mini a rai tun da na ji shi. A shekarar 2024 kamfanin Oji na ƙasar Japan ya sanar da cewa zai daina yi wa kasuwar cikin gida ƙunzugun jarirai, ya koma ga na manya, domin a ƙasar an daɗe da kai matsayin da ƙunzugun tsofaffi ya fi na jarirai ciniki. Da na bi diddigi sai na ga cewa a 1973 an haifi yara fiye da miliyan 2 a Japan, amma a 2023 waɗanda aka haifa ba su kai 730,000 ba, alhali kusan kashi 29 cikin 100 na mutanen ƙasar sun kai shekara 65 ko sun wuce. Kuma abin bai tsaya ga Japan ba, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2018, karo na farko a tarihi, masu shekara 65 zuwa sama sun fi yara 'yan ƙasa da shekara 5 yawa a duniya, kuma nan da 2050 mutum ɗaya cikin shida zai kasance a wannan rukuni.

Tambayata ita ce: idan muka ji an ce tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki a waɗannan ƙasashe, ko an kai shi gidan kula da tsofaffi, shin lalacewar tarbiyya muke gani, ko kuwa wani abu ne daban da mu ma zai iya riskar mu?

Alhaji Garba Mai Shadda:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina amsar ba ta da wahala. Mutanen da suka ɗauki haihuwa a matsayin ɗawainiya, suka fifita kare da kyanwa a kan ɗa, dole ne su girbi abin da suka shuka. Gwamnati ta ce musu za ta riƙe su idan sun tsufa, sai uba ya ga ba ya buƙatar ɗa, ɗa kuma ya ga ba a bin sa bashin komai, tunda ana cire masa haraji. A Faransa, lokacin zafin da aka yi a 2003, mutum kusan 15,000 ne suka mutu, akasarinsu tsofaffi, kuma da yawa a cikin gidajensu ba tare da kowa a kusa ba, a watan da iyalai suke tafiya hutu. Mu kuwa tun muna makarantar allo muka san ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da uffan. Wanda ya tashi da wannan ba zai kai uwarsa gidan gajiyayyu ba.

Aminu Nagoya:

Alhaji, ranka ya daɗe, ina neman afuwa zan ɗan saɓa maka, domin gani ya kori ji. Shekarata tara a Japan ina harkar sassan motoci, kuma ban taɓa zama cikin mutanen da suke girmama babba kamar su ba. Har ranar hutu ta ƙasa suke da ita domin tsofaffi, Litinin ta uku a watan Satumba, kuma yadda yaro zai yi wa babba magana daban ne tun daga kalmomin da zai zaɓa. Saboda haka idan rashin ladabi ne ciwon, to ba a Japan ya kamata ya fi tsanani ba.

Bari in ba ku labarin maƙwabcina. Dattijo ne mai shekara 88, matarsa tana da 85, kuma gigin tsufa ya kama ta har ba ta gane shi sai jefi-jefi. Lokacin da take gida, shi yake dafa mata abinci, shi yake yi mata wanka, shi yake tashi cikin dare ya canza mata shimfiɗa, alhali shi kansa da sanda yake tafiya. Ɗansu ɗaya ne, yana aiki a Tokyo, shi ma ya haura shekara 60, kuma uwar matarsa tana kwance a wani gari daban. Yana zuwa duk ƙarshen wata, ya cika musu firji, ya gyara abin da ya lalace, ya koma da jirgin ƙasa na dare. Ba zan iya kiran mutumin nan marar albarka ba, domin mutum ɗaya ne ake ja ta wuri uku. Abin ya zama ruwan dare har suna da suna na musamman da suke kiran tsoho mai jinyar tsoho.

Wata rana dattijon ya tsayar da ni a bakin ƙofa, yana ta sunkuyawa yana ba ni haƙuri, ya ce alfarma ɗaya yake nema: idan na fito da safe in dubi tagar ɗakinsu ta sama, in labulen yana buɗe to lafiya, in kuwa na gan shi a rufe har ƙarfe tara, in buga lambar da ya rubuta mini a takarda. A layinmu gida goma sha ɗaya ne, huɗu babu kowa a ciki, ciyawa ta cinye ƙofofinsu. A ƙidayar 2023 an sami irin waɗannan gidaje kusan miliyan 9 a ƙasar. Ni baƙo da na zo daga wata nahiya, ni ne mafi ƙuruciya a layin, shi ya sa ya zaɓe ni.

Dakta Hadiza:

Na gode wa Aminu, domin labarinsa ya kawo mu kan lissafin da yake ƙarƙashin maganar. Abu biyu ne suka haɗu: mutane sun daina mutuwa da wuri, sannan sun rage haihuwa. Na farkon alheri ne da duk muke roƙo, amma idan ya haɗu da na biyun sai yawan hannuwan da za su ɗaga tsoho ya ragu a daidai lokacin da shekarun kwanciyarsa suka ƙaru. Lokacin da shugaban gwamnatin Jamus Bismarck ya kafa fanshon tsufa a ƙasar a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake karɓa, kuma ma'aikata kaɗan ne suke kaiwa. Tsarin da Jamus take bi tun 1957 shi ne a cire daga albashin masu aiki yau a biya waɗanda suka yi ritaya, da fatan 'ya'yansu za su yi musu haka gobe. A farkon shekarun 1960 ma'aikata kusan shida ne suke ɗauke da ɗan fansho ɗaya, yanzu kuwa kusan biyu ne, shi ya sa suke ɗaga shekarun ritaya zuwa 67. Ka ga ashe gwamnati ba ta raba uba da buƙatar ɗa ba, ta dai mayar da shi mai dogaro da 'ya'yan kowa da kowa.

Sai dai inda nake so Alhaji ya duba da kyau shi ne batun addini. A tsakiyar shekarun 1980 mace a Iran tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a matsakaicin lissafi, amma kafin shekarar 2000 ta wuce adadin ya sauko kusan biyu, kuma wannan ya faru ne a ƙarƙashin gwamnatin malamai. A Turkiyya adadin ya kai 1.5 a 2023, wato ƙasa da na Faransa. Duk inda mutane suka koma birni, hayar gida ta yi tsada, karatun yaro ya zama na kuɗi, 'ya'ya mata suka daɗe a makaranta, haihuwa tana raguwa, ko ana kiran salla a garin ko ana kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne sauri. Faransa ta shafe fiye da shekara 100 kafin tsofaffinta su tashi daga kashi 7 zuwa kashi 14 cikin 100, saboda haka ta sami lokacin tara dukiya da gina tsari. Japan ta yi wannan tafiya cikin shekara 24, Koriya ta Kudu cikin ƙasa da 20. A Koriya, inda aka kafa fanshon ƙasa a makare a 1988, kusan kashi 40 cikin 100 na tsofaffi suna cikin talauci, kuma ana ganin tsofaffin mata suna tura amalanke suna tsintar kwali a titunan Seoul. Waɗannan su ne iyayen da suka sayar da gona suka biya wa 'ya'ya makaranta, suna tsammanin tsohon alkawari yana nan. A Sin kuma, bayan dokar ɗa ɗaya da aka bi daga 1980 zuwa 2015, akwai gidajen da jika ɗaya yake kallon iyaye biyu da kakanni huɗu.

Alhaji Garba Mai Shadda:

Dakta, ai kin ƙara ƙarfafa hujjata ne. Idan ƙarancin hannuwa ne matsalar, to mu da ake yi wa gori a kan yawan haihuwa mu ne muka tsira. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, a Nijeriya ma masu shekara 65 ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Sin da ta hana haihuwa da ƙarfin doka yanzu tana roƙon mutane su haifi uku tun 2021, sun ƙi. Mahaifiyata ta haifi goma sha ɗaya, ta kwanta shekara huɗu da shanyewar ɓarin jiki, ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba har Allah ya karɓi abinsa.

Maman Sadik:

Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta. Amma Alhaji, don Allah ina da tambaya, kuma ba da rashin kunya nake yin ta ba: a cikin shekaru huɗun nan, wa yake juya ta a kan gado duk bayan awa biyu don kada bayanta ya yi gyambo? Wa yake sa mata fo ya zubar, wa yake wanke zannuwan? Ina tambaya ne domin wannan ita ce sana'ata. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, kuma na san nauyin jikin mutumin da ba ya iya taimakon kansa.

A ɓangaren da nake mutum goma sha huɗu ne, mu biyu muke kwana da su. Akwai wata tsohuwa da ta yi aikin koyarwa shekara talatin da biyar, kullum da asuba idan na kai mata shayi sai ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko jirgin ɗanta ya sauka. Ɗan yana Ostareliya, yana kira ta bidiyo duk Lahadi, kuma gidan da ya tashi a cikinsa aka sayar ake biyan kuɗin wurin, wanda yakan haura fam 1,000 a mako, domin a Ingila duk wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi yake biya wa kansa. Da na zo ina ganin irin waɗannan 'ya'ya a matsayin marasa imani. Wata rana da daddare ina shafa wa matar nan mai a ƙafa, sai na tuna cewa tawa uwar tana Katsina da ciwon suga, kuma shekara biyu rabon da in taɓa ƙafarta. Ni ma bidiyo nake kira, ni ma kuɗi nake aikawa. Wadda take jinyarta matar ƙanena ce, yarinya mai goyo, wadda ta bar karatun ungozoma saboda hakan, kuma idan 'yan dubiya suka zo ƙanena ake yi wa addu'a a ce ya riƙe uwarsa.

Haka abin yake a ko'ina. A Italiya matan Romaniya da Yukiren da Moldoba ne suke kwana da tsofaffin mutane, su kuma nasu iyayen da 'ya'yansu suna can gida a hannun wata. Ƙasashe masu kuɗi ba su warware matsalar ba, sun sayo hannuwa ne daga inda suke da araha, kuma tun watan Maris na 2024 Birtaniya ta hana sababbin masu irin aikinmu zuwa da iyalansu. Ana son hannun, ba a son mai shi.

Isuhu Damagaram:

Maman Sadik ta taɓa inda yake yi mini ƙaiƙayi. Alhaji yana ƙirga 'ya'yan da aka haifa, ni kuwa ina so a ƙirga waɗanda suke gida. A ƙauyenmu, da zarar an gama girbi, samari suna watsewa ci-rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu Libiya da Aljeriya, kuma a 'yan shekarun nan da yawa ba sa dawowa ko da damina. Kawuna yana da 'ya'ya maza bakwai, amma bara shi da jikokinsa ƙanana suka yi noman fari, yana tafe yana dafa ƙugu.

Mu ma muna da irin alkawarin da Dakta ta ce Jamusawa sun rubuta a doka, sunansa gandu. 'Ya'ya suna noma gonar uba, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya ba kowa gayauna, wato 'yar gonar kansa, idan ƙarfinsa ya ƙare su ci gaba da riƙe gidan. Amma gandu yana tsayawa ne idan uba yana da abin bayarwa. Yau gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai an raba ta gida ashirin, ba ta ciyar da kowa wata huɗu. Yaron da ya tafi ba ƙin ubansa ya yi ba, buhun geron da ake ci a gidan da kuɗinsa aka saya. Sai dai kuɗin waya ba ya kai tsoho bayan gida cikin dare.

Nazifi:

Ina neman izinin iyayena da yayyena da suke wannan zaure in faɗi yadda abin yake daga ɓangarenmu, domin ana ta maganar haƙƙin tsofaffi, ba a ce komai a kan abin da matashi yake ɗauke da shi ba. A ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa su ne suka fi fita zaɓe, saboda haka ɗan siyasa yana tsoron taɓa fansho fiye da yadda yake tsoron tsadar hayar gida. Da Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, an shafe watanni ana zanga-zanga. A ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016, yawancin matasa sun zaɓi a zauna, yawancin dattawa sun zaɓi a fita, kuma matasan ne za su fi daɗewa da sakamakon.

A nahiyarmu kuwa matasa ne suka fi yawa amma ba su da ta cewa. Paul Biya an haife shi a 1933, yana mulkin Kamaru tun 1982, kuma mafi yawan mutanen ƙasar ba a haife su ba lokacin da ya hau. Ni shekarata 31, albashina yana ciyar da mutum tara, ban yi aure ba. Ba na ƙorafi a kan iyayena, wallahi farin cikina ne in yi musu. Amma ina tambayar kaina: idan duk abin da na samu ya tafi a riƙon na sama da ni da ƙannena, me zan ajiye, kuma 'ya'ya nawa zan iya haifa da za su riƙe ni? Ina jin haka matashin Koriya ya fara lissafi kafin haihuwa a ƙasarsu ta faɗi zuwa matsakaicin 0.72 ga kowace mace a 2023.

Baba Ilu:

Ɗana Nazifi, Allah ya yi maka albarka, ban ji haushin maganarka ba. Shekarata 74, na yi aikin gwamnati shekara 35, kuma zan gaya muku abin da tsoho ba ya faɗa a gaban 'ya'yansa: babu abin da ya fi ci mana rai kamar miƙa hannu ga wanda muka saba ba shi. Na taɓa tsayawa layin tantance 'yan fansho tun bayan asuba har la'asar, a rana, domin in tabbatar wa wani yaro mai kwamfuta cewa ina da rai, kuma a gabana wani abokin aikina ya yanke jiki ya faɗi. Duk da haka, watan da kuɗin ya shigo nakan ji ni mutum ne, domin jikata za ta zo ta ce Baba kuɗin littafi, in sa hannu a aljihu in ba ta.

Na ji ana cewa Singafo ta yi doka a 1995 da ta ba iyaye damar kai ƙarar 'ya'yan da suka ƙi ciyar da su, Indiya ta yi irinta a 2007, Sin kuma a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyaye. Ni dai ban ga uban da zai tsaya gaban alƙali da ɗansa a kan tuwo ba, sai wanda tura ta kai bango, kuma ko ya yi nasara ya rasa ɗan. Abin da na fi gamsuwa da shi shi ne a ba tsoho ɗan abin kansa, ko yaya yake.

Dakta Hadiza:

Baba, abin da ka faɗa akwai inda aka gwada shi, kuma ba a ƙasashe masu arziki kaɗai ba. Afirka ta Kudu tana ba tsofaffi marasa ƙarfi kuɗi duk wata daga shekara 60, kuma a lokacin da cutar ƙanjamau ta kwashe iyaye matasa, da wannan kuɗi kakanni mata suka riƙe marayu. Lesotho ta fara nata a 2004 ga masu shekara 70, Zanzibar ta bi a 2016. Japan kuma tun 2000 ta wajabta wa duk wanda ya kai shekara 40 biyan inshorar jinyar tsufa, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a sauke wa matan 'ya'ya nauyin da al'ada ta ɗora musu su kaɗai, irin wanda Maman Sadik ta kwatanta. Kashi 3 cikin 100 da Alhaji ya ambata gaskiya ne, amma yaran da suka cika makarantunmu yau su ne za su tsufa tare a lokaci guda, kuma mafi yawansu za su yi rayuwarsu a kasuwa da gona da kan babur, inda babu wanda yake cire musu fansho.

Alhaji Garba Mai Shadda:

Ban sauka daga ra'ayina ba cewa ɗa arziki ne, kuma ba zan taɓa yarda a kai mahaifi gidan baƙi ba. Amma tambayar Maman Sadik ta hana ni barci, har na tashi uwargidana na tambaye ta. Ta yi dariya ta ce sai yau na tuna. Ita da ƙanwata da aka sako daga aure suka yi shekaru huɗun nan, suna karɓa-karɓa, kuma ciwon bayan da take fama da shi har yanzu a nan ta samo shi. Mu maza takwas kuɗin magani muka haɗa, muna shiga gaisuwa safe da yamma. 'Ya'yana mata biyar duk suna karatu, biyu sun yi aure a wasu garuruwa, kuma matan 'ya'yana maza kowace tana da wurin aikinta. Malam Aminu, ina dattijon nan naka yake yanzu?

Aminu Nagoya:

Yana nan da ransa, Alhaji. Matar ce aka samar wa gurbi a gidan jinya bayan sun daɗe suna jiran layi, kuma yana hawa bas ya je wurinta sau uku a mako da 'yar ƙullin shinkafar da ya dafa, ko da yake ma'aikatan sun ce ba ta iya haɗiye ta. Ma'aikaciyar da take kula da ita 'yar Indonesiya ce, mai ɗankwali, kuma ya ce mini matarsa tana kiran ta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun suna yara. Har yanzu ina duba labulen kowace safiya kafin in tayar da mota. Sai dai hayar gidana za ta ƙare a watan Maris, kuma maigidana yana so in koma kusa da tashar jiragen ruwa, tafiyar awa ɗaya daga nan. Na duba layin gida-gida ina neman wanda zan miƙa wa takardar lambar, mafi ƙuruciya a cikinsu shekararta 76, kuma ban gaya wa dattijon ba tukuna.